Tabul Ɗina Ya Fara da Lamba Biyu

Ƙas-ƙas-ƙas, ƙas. Sai a yi shiru, sai kuma a ci gaba. Ta bayan katanga nake jin sa, kullum bayan la'asar, daga gidan sabuwar maƙwabciyarmu. Kwana uku ina saurare. Na ce a raina baiwar Allah nan gujiya take ɓara ita kaɗai, da alama buhu guda ne, kuma ba ta san kowa a unguwar ba balle ta nemi hannu. Ran na huɗu na ɗauki faifaina, na yafa mayafi, na je na yi sallama.

Na tarar da ita zaune a tabarma, ordinater, wato kwamfuta, bisa kujerar tsuguno, yatsunta na gudu a kansa. Ta dubi faifan, ta dube ni.

"Uwargida, lahiya? Mi za mu sheƙa?"

"Na zo taya ki ɓarar gujiya."

Ta yi dariya har sai da ta kwanta gefe guda. Ni ma da kunya ta sake ni na taya ta. Madan kowa ke ce mata. Kirista ce, ɗiyar Adar kamar ni, tana aiki a ofishin ajiye takardun marasa lafiya na asibitin mishan da ke bakin garinmu. Da ta share hawayen dariya ta tambaye ni ko na yi lakkwal, wato makarantar boko. Na ce na kai aji huɗu na kolej a Madawa, jarrabawar birbe ta kayar da ni sau biyu, na haƙura na koma Sabon Gida wajen iyayena har aure ya kawo ni nan.

"To zauna," ta ce. "Tunda da niyyar aiki kika zo, ba ki komawa hannu wohi."

Kafin in ci gaba da maganar injin sai na faɗi abin da ke cin raina a wannan kakar. Yara huɗu ne a ɗakina, amma uku na haifa. Babbar cikinsu, ɗiyar yayata ce. Yayata ta yi aure a Tabotaki, ta rasu yarinyar na da wata bakwai, ni kuma lokacin amarya ce, ko ciki ban taɓa yi ba. Aka naɗo mini ita cikin zanen uwarta aka ce in riƙa. Da kunun hatsi da nonon akuya na raya ta. Uban ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan kamar sauran mazan Adar, shekara goma sha ɗaya sai dai gaisuwa ta waya da turmin atamfa jefi-jefi. A daminar nan ya dawo gida gaba ɗaya, ya sake aure, ya aiko cewa in an gama girbi zai zo ya ɗauki ɗiyarsa. Maigidana, wanda ke gyaran injin ban-ruwa a garaken albasa, ya kira shi ya yi masa maganar karatunta, tana ajin ƙarshe na firamare. Uban ya ce shi ba zai ja ta da ƙarfi ba. Ta yi wayo, za a tambaye ta a gaban kowa, in ta ce tana zama to ta zauna. Da na ji haka hankalina ya ɗan kwanta. Wace uwa ta sani in ba ni ba?

Ban taɓa kiran sunanta ba. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa ko ya yi abin yabo. Ni tun ranar da aka miƙo mini ita bakina ya ƙi sunan. "Ke" nake ce mata, ko "wagga". Da na haifi nawa na fari, namiji, sai ga ni ina kiran sunansa tsaf a tsakar gida, har uwar mijina ta yi mini faɗa, ta ce mu ɗiyan lakkwal ba mu da ta ido. Na ce, "Inna, kunyar ai na riga na ƙarar da ita ga babbar." Tsohuwar ta gane. Duk manyan matan unguwa sun gane. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko yarinyar ta gane ba.

Abin da Madan ke koyo, ta kuma ja ni ciki, shi ne yadda ake gina shafin intanet mai ajiye bayanai, irin wanda za a buɗe a ga magungunan da ke ɗakin ajiya da waɗanda suka ƙare. Ta ce ba daga tushe ake farawa ba. Akwai kayan aiki da masana suka riga suka haɗa, kai dai ka gaya masa siffar abin da kake son ajiyewa. Siffar nan ita ake kira model.

"Kin san katakon nan da magina ka buga tubali da shi?" ta ce. "Shi ne model. Katako ba tubali ba ne, ba a gina ɗaki da shi. Amma duk tubalin da za shi hita, kamarshi za shi ɗauko."

Tubalan kuma a rumbun bayanai ake jera su, cikin abin da ta kira tabul. Ta ɗauko tsohon kaye, littafin kiran suna na ajin Lahadi na cocinsu ta buɗe mini. Ta ce kowane model tabul guda yake zama, kamar shafin nan. Kowane abu da ka rubuta a ƙarƙashin model, gurbi guda yake zama daga sama zuwa ƙasa. Kowane mutum da ka shigar, layi guda.

Rabona da wani ya yi mini tambayar da amsarta ba "yana cikin kwando" ko "saura kaɗan ya nuna" ba, tun kolej. Kullum in na gama tuƙin tuwo da wuri sai in bar wa babbar miya ta ƙarasa, in zagaya. Madan tana da tsohon ordinater wanda batirinsa ya mutu, sai an jona shi da kuran, wutar lantarki, yake tashi. Shi ta ba ni. Ta ce magani ba sanina ba ne, in yi abin da na sani: gidana.

Model biyu na rubuta. Na farko Uwa, da suna da gari. Na biyu na so in kira shi Ɗa, amma Madan ta ce a bar ƙugiya, injin yakan rikice da ita, sai ya koma Da.

"Da wa?" ta ce. "Da mi? Sake mishi suna kar shi kwana yana jiran sauran magana."

Na mai da shi Yaro: suna, shekarar haihuwa, uwa. A gurbin uwa ta nuna mini yadda ake cewa wannan ba rubutu ba ne, nuni ne zuwa ga wancan model ɗin. Sannan ta ce saura migrasiyon, wato umarnin da ke ɗaukar abin da ka rubuta a model ya je ya gina shi a rumbu.

Na ce, "Migrasiyon? Wadda ta kwashe muna maza zuwa Abijan da Libiya?"

"Ita. Amma wagga tana dawowa da abin da anka aike ta."

Na buga umarnin da yatsa ɗaya, na danna. Rubutu ya zubo. Ta buɗe rumbun, sai ga tabul biyu, babu kowa a ciki, amma gurabun na nan a jere kamar yadda na faɗa. Ni na faɗa, ya kuma kasance. Nan take na yi istigfari, don tunanin ya yi mini girma.

Abu biyu na gani da ban rubuta ba. A farkon kowane tabul an ƙara gurbin lamba. Madan ta ce injin ne ke ba kowane layi tasa, ɗaya, biyu, uku, don ko sunaye sun zo ɗaya kar a rikita mutane. Na biyu kuma, a tabul ɗin Yaro, gurbin uwa ba suna yake jira ba, lamba yake jira.

"Ina uwar take?"

"Tabul ba shi ɗaukar uwa sukutum shi tura cikin layin yaro. Lambarta shika riƙewa. In an bi lambar, sai a iske ta zaune cikin nata tabul."

"Uwa guda lamba guda."

"Yauwa, ɗalibata. Birbe ta yi asara."

Washegari muka zo shigar da mutane. Kayan aikin da kansa yake ba da shafi mai akwatuna, ka cike ka danna. Na shigar da kaina a tabul ɗin Uwa, aka ba ni lamba ɗaya. Da na zo kan yara, hannuna bai yi shawara da ni ba, da babbar ya fara. Na cike shekara, na bar akwatin suna, na danna. Jan rubutu ya fito da Faransanci cewa wannan gurbi ba a barin sa wofi. Na rubuta "ke".

"Uwargida, wanga ba suna ba ne."

"Ɗiyar hwari ce."

Ta ce ita ma uwarta har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta, yayan Madan, ba. "Amma inji ba shi san kunya ba. Kuma ai rubutawa ce, ba hwaɗi ba. Bari in diba ruwan zahi." Ta tashi ta ba ni wuri.

Na rubuta sunan. Harafi biyar, kowanne sai da na neme shi kamar ban san inda yake ba. Saura akwatin uwa. Na danna shi, suna ɗaya ne a ciki, nawa. Na zaɓa. Layin ya zauna: lamba ɗaya, sunanta, shekararta, uwa lamba ɗaya. Na daɗe ina kallo.

A sallar magariba abin ya dawo mini. Ina zaman tahiya, yayata ta tsaya mini a rai. Ita ta yi goyon cikin, ita ta yi kwana biyu tana naƙuda a ƙauye, ita ta zaɓi sunan nan da na kasa faɗa. Ga shi na rubuta da hannuna cewa ni ce uwa, ita kuma ko layi ba ta da shi. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa ba a sauya wa yaro asali, riƙo lada ne amma ba haihuwa ba ne. Wani zai ce wasa ne a cikin tsohon inji, wa zai gani? Ni dai na ji kamar na bi ta bayan matacciya na ɗauke mata abu ɗaya da ya rage mata.

Kashegari ina zama, kafin Madan ta kawo ruwa, na goge layin. Injin ya tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Sannan na shigar da ukun da na haifa, sunayensu ba su ba ni wahala ba. Da na duba tabul ɗin sai na ga lambobin sun tafi biyu, uku, huɗu.

"Madan, abin nan ya ɓata ƙirga. Ina ɗaya?"

"Lambar da anka ba wani ba a sake ba kowa, ko an goge shi. Ɗaya ta tahi da mai ita." Ta ajiye kofin. "Mi ya sa kika goge ta?"

Na gaya mata komai, har maganar uban da girbi. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma ce banza ce damuwata ba. Ta jawo injin gabanta ta dubi model ɗin.

"Ba ke kika yi kuskure ba. Katakon ne bai yi daidai da gidanki ba. Mun ce yaro uwa guda gare shi, nan ƙasar kuwa rabin gidaje akwai ɗan riƙo."

Ta ce gyaran ba wuya. A shigar da yayata a tabul ɗin Uwa da tata lambar. A ƙara wa model ɗin Yaro sabon gurbi, mai riƙo, shi ma yana nuni zuwa tabul ɗin Uwa. Sai yarinya ta zauna da lamba biyu a layinta, ta wadda ta haife ta da ta wadda ta riƙe ta, babu ƙarya, babu wanda aka ture. Na ji kamar an sauke mini tulu daga kai. Ana kiran magariba, ta ce gobe.

Goben ba ta zo ba. Da safe aka kira mijin Madan cewa uwarsa ba lafiya a wani ƙauye wajen Garhanga, suka tafi tare. Ta miƙo mini tsohon injin ta kan katanga, ta ce in riƙa taɓawa kar hannu ya manta, kwana goma za ta yi.

Na gwada ni kaɗai. Na kwafi layin uwa, na sauya masa suna zuwa mai riƙo, na buga migrasiyon. Maimakon rubutu ya zubo kamar rannan, sai injin ya tsaya ya yi mini wata doguwar tambaya da Ingilishi, ya ce in zaɓi ɗaya ko biyu. Ingilishina na kolej bai wuce gaisuwa ba. Na ji tsoron in danna abin da zai rushe rumbun gaba ɗaya, injin kuma ba nawa ba. Na fita. Na je shafin yara, shi ma ya ƙi buɗewa. Sai da na cire layin da na ƙara sannan ya dawo yadda yake. Kwana uku ina maimaita haka duk sanda aka kawo kuran, tambayar ba ta sauya ba. Na ce to a jira mai abu.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, maigidan ya same ni a rumfa da injin a cinya.

"Injiniya! Wanga abu shina tuƙa tuwo kuwa?"

"Malam, zo ka gani dai."

Son a yaba ne ya ja ni, ba wani abu ba. Na buɗe masa shafin yara. Ya sunkuya ya karanta, ya ce ikon Allah, ya kira su su zo su ga sunansu a telebijin ɗin uwarsu. Ukun suka rugo suna ture juna. Na biyu ta karanta nata da ƙarfi. Autan, da bai san harafi ba, ya dinga dangwala yatsa mai maiƙo yana cewa wanga nawa ne, wanga ma nawa ne. Ana cikin haka na ji ƙanshin sabulun wanke-wanke a bayan wuyana. Babbar ce ta baro kwanoni, tana goge hannu da zanenta, ta tsaya a bayana.

Na rufe murfin injin.

"Ke, wa ya ce ki baro kwanonin?"

Ta juya ta koma. Dama ba mai yawan magana ba ce. Na gaya wa kaina ba ta samu damar karantawa ba. Layi uku ne kacal, ita kuma ita ce ta ɗaya a karatu a ajinsu. Abin da zan ce mata bai fi kalma huɗu ba: naki na nan zuwa. Amma ga maigida tsaye, ga ƙanne, kuma uwa ba ta lallashin ɗan fari a gaban mutane. Na ce in Madan ta dawo zan gyara, in bar injin a buɗe inda za ta gani da kanta, ba sai na yi magana ba. Haka muke yi da ita tun tana ƙarama. In na saya mata takalmi, bakin gadonta nake ajiyewa in wuce.

Ran Talata suka iso, ana saura kwana uku Madan ta dawo: uban da yayarsa, gwaggon yarinyar. Sun zo da cuku da dabino. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, na dama fura. Gwaggon ta sha ta goge baki, idonta ya kai kan injin da ke bisa taga.

"Sannu da riƙo, Allah shi biya ki. Kin yi muna kiwo mai kyau, ga ta nan tubarkalla." Ta nuna taga da haɓa. "An ce yanzu kin zama ma'aikaciya. To in kina bisa wanga, wa ka riƙe muciya? Ko ita ce?"

Na yi murmushi na ce tana dai taya ni. Baƙuwa ce, surukar yayata, ba a mayar mata.

Bayan la'asar aka kira yarinyar. Ta durƙusa a gefen tabarma. Ni ina bakin ƙofar ɗaki da tire a hannu, ba ciki ba waje. Uban mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya yi magana a hankali.

"Ɗiyata, ba tilas. Na yi alkawali. Nan kike so ki zauna, ko ki zo gida?"

Ta dubi tabarma.

"Ina tahiya, Baba."

Maigidana ya gyara zama. "Ke, kin ji tambayar kuwa? Lakkwal ɗin hwa?"

"Akwai lakkwal can."

Na jira ta ɗago ta dube ni ko sau ɗaya. Ba ta ɗago ba. Gwaggon ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Duka suka juyo gare ni, don ana jiran bakin mai riƙo. Na faɗi abin da ake faɗa. Na ce Allah shi sa albarka, ɗiyarku ce, amana ce na mayar. Muryata ko rawa ba ta yi ba, har gwaggon ta yaba mini, ta ce ni mace ce mai tawakkali.

Na haɗa mata kaya. A ƙasan akwatin na shimfiɗa zanen uwarta, wanda aka naɗo mini ita a ciki. Da safe maigidan ya raka su tasha. Ni a bakin ƙofa na tsaya, ƙannen na kuka suna riƙe mini zane, na ce mata ta riƙa sallah a kan lokaci, ta kuma bi matar ubanta. Ta ce to, Inna.

Madan ta dawo ran Juma'a. Ta ji labari tun a hanya, ta shigo ko wanka ba ta yi ba, ta rungume ni tana kuka, tana cewa ta yi ta sa mu a addu'a. Na ce mu ga injin. Ta dube ni kamar na zautu, amma ta jona shi. Na mayar da layin mai riƙo, na buga migrasiyon, tambayar ta fito. Ta karanta.

"Cewa ya yi, yaran nan uku da ke cikin tabul, wa za shi sa musu a matsayin mai riƙo? Tunda ba ki ce ana iya barin gurbin wohi ba."

"Shi ke nan abin da shika tambaya?"

"Shi ke nan."

Ta ƙara kalma biyu a cikin baka, masu cewa wannan gurbi in babu kowa a bar shi. Ta ce in danna. Rubutu ya zubo. Ko ɗaurin ɗankwali ya fi shi ɗaukar lokaci.

Na shigar da yayata, gari Tabotaki, aka ba ta lamba biyu. Na shigar da yarinyar. Wannan karon ban nemi haruffan ba, Madan ma ba ta tashi duba ruwa ba. Uwa, lamba biyu. Mai riƙo, lamba ɗaya. Daidai a gaban Allah, daidai a gaban mutane. Layin ya je ya zauna a ƙasa, bayan autan. Lamba biyar.

"Ana iya tilasta mishi shi mayar mata da ɗaya," Madan ta ce. "Ba a so, amma ana iyawa."

Na ce ta bar shi haka.

Na ci gaba da zuwa gidanta, don zaman ɗakin ya fi ƙarfina bayan la'asar. Na koyi sauran. Na san yadda magani guda ke shiga takardun likita da yawa, takarda guda kuma ta ɗauki magunguna da yawa, da tabul na uku da ke zama a tsakani yana haɗa su. Ni na gano wa Madan wani kuskure a model ɗinta na ɗakin magani, har ta je tana faɗa a wurin aiki cewa maƙwabciyarta mai faifai ce ta gyara mata. Ban ji daɗin da na ji ran farko ba. Ba na jayayya da hukuncin Allah, abin da Ya rubuta ba ya gogewa. Da bakina nake rigima. A sujada nakan tambayi kaina, wannan kunyar da na riƙe shekara goma sha ɗaya ina jin ita ce mafi girman abin da na ba yarinyar, ita me ta karɓa a ciki? "Ke." "Wagga." Takalmi a bakin gado. Duk da haka ban yarda injin ne ba. Na ce jini ne ya ja ta, ko gwaggon ta yi mata alkawarin wani abu, ko aikin da na riƙa bar mata ne ya ishe ta. Kowanne na fi son sa da abin da zuciyata ke raɗa mini.

Da bazara matar uban ta haihu, na shirya na tafi suna. Mota daga Madawa zuwa Buza, daga nan wata mai buɗaɗɗen baya ta hau da mu cikin duwatsu. Na same ta lafiya. Ta ƙara tsawo, an yi mata kitso mai kyau, tana zuwa lakkwal, matar uban na kiran sunanta da daɗin baki sau goma kafin azahar, ita kuma tana amsawa. Na so in ga wani abin da zan riƙe in ce ba a kula da ita. Ban samu ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ta tambayi ƙannenta ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu na yi, ba mu keɓe ba. Ran komawa aka ce ta ɗaukar mini jaka zuwa gindin bedin da mota ke tsayawa. Muka tafi tana gaba ina baya, rana ta fara zafi. Babu kowa a gindin itacen sai awaki. Ta ajiye jakar ta tsaya tana kallon hanya.

Tun daga gida na yi niyyar in kira sunanta. Na yi ta maimaita shi a cikin mota, ba sauti. Na buɗe baki.

"Ke," na ce.

Ta juyo.

"Mi na yi miki?"

Ta sunkuyar da kai tana tura tsakuwa da yatsan ƙafa. Can nesa na hango ƙurar motar ta taso. Na ɗauka ba za ta amsa ba. Da ta yi magana, babu fushi a muryarta, kamar mai ba da saƙon da aka aike ta.

"Ba ki yi mini komi ba, Inna. Na dai diba cikin injin nan rannan. Kin rubuta ɗiyanki duka, ban ga sunana ba. Sai na ce ko riƙon ne ya ƙare, kina jin nauyin hwaɗa mini."